An ƙara kuɗin rumfa, ina son in ga takardar da aka dogara da ita

Wata 'yar kasuwa daga Damagaram ta rubuto cewa an ƙara musu kuɗin rumfa. Ta je ma'aikatar magajin gari ta tambayi takardar da ta yanke ƙarin, aka ce mata maigida ba ya nan, ta dawo wani mako. Tana tambaya ko tana da hurumin ganinta.

Hajiya, kina da shi. A Nijar akwai doka mai lamba 2011-22 ta ranar 23 ga Fabrairu 2011, wadda ta bai wa ɗan ƙasa damar samun bayanai da takardun hukuma, kuma ƙananan hukumomi suna cikin waɗanda ta shafa. Shawarar da ta tsaida kuɗin rumfa ba sirrin tsaro ba ce, ba ta taɓa rayuwar wani ba, ba kuma magana ce da ke gaban alƙali ba. Irin waɗannan ne doka ta yarda a ɓoye.

Sai dai tambayar da kika yi da baki, a wurin shari'a kamar ba ki yi ba. Ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikatar. Ki lura, tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, don haka kantoma za ki rubuta wa. Birnin Zinder, wato Damagaram, yana da gundumomi 5 ban da babbar ma'aikata, ki duba tikitin da ake yanka miki ki ga sunan wadda ke karɓar kuɗin, can za ki nufa. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma ma'aikatun hukuma har yanzu da Faransanci suke aiki, gara ki sa a rubuta miki da shi.

Kada ki ce "ina son bayani kan kuɗin kasuwa". Wannan ƙofa ce kika buɗe musu su amsa da surutu. Ki ambaci abin da kike so: shawarar da ta tsaida sabon kuɗin, da lambarta da ranar da aka sa mata hannu.

Ki yi kwafi biyu. Ki miƙa ɗaya ga sakatare, ki tsaya nan har ya buga tambari a taki, ya rubuta kwanan wata da lambar rajista. Ko ya ce ba komai ki tafi, kada ki tafi. Daga ranar da ke jikin tambarin nan ake lissafin kwana 15 da doka ta ba su su amsa. Dubawa a wurin kyauta ce, kuɗin kwafi kuwa ke za ki biya, ki karɓi rasit.

Idan sun ƙi, ki nemi su rubuta dalili. Idan shiru suka yi, ki sake wasiƙa ki haɗa da kwafin ta farko, sannan ki kai ƙorafi wurin gwamnan jiha, domin shi ke sa ido kan ayyukan birnin. Kotu tana nan, amma a ganina kan kuɗin rumfa abin da za ki kashe zai iya fin ƙarin kansa, sai in kun haɗu ku da yawa ta ƙungiyarku. Kafin nan ki ci gaba da biya kina adana tikitinki, kada a kama ki da bashi a manta da tambayarki.