Fassarar Takardun Magunguna Daga Jamusanci

Tambaya: Malam, ina aiki da wani kamfanin shigo da magunguna a Legas, kuma an ba ni takardun wani magani daga Jamus in mayar da su Turanci domin miƙa wa hukumar NAFDAC. Shin ƙamus zai wadatar da ni? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Ƙamus kaɗai ba zai kai ka gaci ba, domin kalmomin nan na doka ne, kuma Tarayyar Turai ta riga ta tsayar da takwarorinsu na Turanci. Takardar da Jamusawa ke kira Fachinformation, wadda ake rubuta wa likitoci da masu harhaɗa magunguna, ita ce Summary of Product Characteristics, ba ƙaramar takardar nan da ake naɗewa cikin kwali domin majiyyaci ba. Zulassung kuwa izinin sayarwa ne, wanda hukumar kula da magunguna ta Jamus, wato BfArM da ke Bonn, ke bayarwa, amma alluran rigakafi suna hannun Cibiyar Paul Ehrlich da ke Langen.

Shawarata ita ce ka nemi samfurin takardu na Hukumar Magunguna ta Turai, wadda ta koma Amsterdam daga Landan a 2019, ka jera na Jamusanci kusa da na Turanci, ka bi su layi-layi.

Ka yi hattara da alƙaluma, domin Bajamushe yana rubuta 2,5 mg inda mu muke rubuta 2.5 mg, kuma idan waƙafin nan ya salwanta, adadin maganin ya ninka sau goma. Kafin ka miƙa aikin, ka sa ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya duba shi.