Likita ya amsa: wiwi a garejin gida da sauran tambayoyinku

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan wiwi suka tsaya, don haka na haɗa su wuri guda. Kamar kullum na cire sunaye, na bar gari kawai.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 26 ya dawo daga karatu ya karɓi makullin garejin gidanmu, wai zai riƙa ajiye kayan sana'a. Tun daga nan ba mai shiga sai shi. Dare da rana fitila a kunne, fanka tana juyawa, in an ɗauke wuta sai ya tayar da janareta a can ciki. Ranar da ya manta bai kulle ba na leƙa, sai ga tukwane a jere da wani ganye mai yatsu. Ya ce wiwi ce amma ta magani, wai a Kanada ma gwamnati ta yarda. Ƙanwarsa mai asma ɗakinta yana jikin garejin, kuma tarinta ya ƙaru. Shukar ce ke jawo mata? Daga wata uwa, Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri. Kafin mu zo kan ganyen, janaretan nan a fitar da shi waje yau, ba gobe ba. Shi ne zai iya kisa a dare ɗaya. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200. Tana bi ta ƙarƙashin ƙofa, ta silin, ta ramin da aka huda don waya, ta shiga ɗakin kwana. Alamominta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin maleriya ana ta shan magani a banza. In kin lura mutanen gida suna tashi da ciwon kai tare, kuma yana sauka in sun fita waje, to ki zargi janareta. Wanda ke barci ba ya ma jin alamar, wucewa kawai yake yi.

Game da tarin yarinyar, e, akwai dalili mai ƙarfi na zargin garejin. Yawancin ruwan da ake ba shuka ta ganye yake fita ya koma cikin iska. A fili iska ta kwashe shi. A ɗakin da aka toshe tagoginsa don kada wari ya fita kuwa, bango da silin ne ke shanye danshin, sai fumfuna ta tsiro. Ƙwayoyinta ba a ganinsu da ido, amma suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma. Akwai wata irinta mai suna Aspergillus da muke tsoro musamman ga wanda ya taɓa yin tarin fuka, domin tana iya zama a cikin kogon da cutar ta bari a huhu har mutum ya fara tarin jini. Haka ma ga mai shan maganin ciwon daji ko mai garkuwar jiki mai rauni. In akwai tsoho ko mai irin wannan larura a gidan, ki sa shi cikin lissafi.

Sai feshi. Rufaffen ɗaki mai ɗumi da danshi yana tara ƙwari, mai shukar kuma abin da ke kusa yake ɗauka, wato fiya-fiya da danginta. Wannan guba ce mai matse hanyoyin numfashi ko ga lafiyayye, balle mai asma. Ga kuma wutar lantarki: fitilu masu ƙarfi da fanka suna aiki ba hutu a kan wayar da aka ja don ƙwan fitila ɗaya, a ɗakin da ake ajiye jarkar fetur. Ba sai na faɗa miki ƙarshen wannan ba.

Maganar Kanada gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa miki. Tun watan Oktoba na 2018 dokarsu ta yarda babba ya shuka har tushe huɗu a gida, ko da yake ba kowane lardi ne ya amince ba. Jamus ma ta yarda da tushe uku a 2024. Sai dai dokar Kanada a Kanada ta tsaya. A nan, dokar wiwi ta 1966 da dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 duk sun haramta noman ta, kuma ba su raba gona da tukunya ba. Hukuncin ɗauri ne na shekaru masu yawa, kuma mai gidan da ya sani ya bari a yi a gidansa shi ma doka ta hau kansa. Wato yanzu da kika leƙa, maganar ta shafe ki.

Kada ki riƙe wannan ke kaɗai. Ki sanar da mahaifinsa ko kawunsa da yake jin nauyi, a zauna da shi ba da ihu ba, a gano ko sha yake yi, ko sayarwa, ko duka biyu. Yadda za a rabu da shukar ta fuskar doka, ku tuntuɓi lauya. Nawa dai shi ne kada a ƙona ta a tsakar gida, kuma kada a bar ganye ko wani abin ci da aka haɗa da ita inda yaro zai ɗauka. Ƙaramin yaro in ya ci yana iya yin barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya yi ƙasa; wannan sai asibiti nan take. Yarinyar a sauya mata ɗaki, a kawo ta a duba ƙirjinta tare da abin shaƙarta. Bayan an kwashe kayan a buɗe garejin ya bushe, a wanke bango da takunkumi a fuska, ita kuma kada ta kusanci wurin.

Tambaya: Dokta, ni ba zan ɓoye ba, ina sha. Ta kasuwa ana cakuɗa ta da zaƙami da wasu abubuwa, shi ke haukata mutane. In na shuka tawa a ɗaki na san abin da nake sha. Ba ta fi lafiya ba? Daga wani matashi, Kaura Namoda.

Amsa: Ɗana, na ji daɗin gaskiyarka, kuma batun cakuɗawa ba ƙarya ka yi ba. Zaƙami guba ce mai zaman kanta, haka ma wadda ake kira Kolorado, da sau da yawa sinadarin da ɗan Adam ya haɗa ne aka fesa wa ganye. Amma kuskurenka shi ne zaton cewa abin da aka ƙara ne kawai ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ita kanta wiwin tana da sinadarin THC, shi ke bugarwa, kuma shi ne ke da alaƙa da taɓin hankali. Irin da ake nomawa a rufaffen ɗaki an zaɓe shi ne musamman don THC ɗinsa ya yi yawa. A Amurka, wiwin da hukuma ta kama a 1995 tana da kusan kashi 4 cikin 100 na THC. Zuwa 2014 ta kai kusan kashi 12. Wadda ake kira Laud da NDLEA ke yawan kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Legas ita ma irin wannan mai yawan THC ce.

Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a wurare da dama na Turai da Birazil, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali kusan sau uku, in kuma mai ƙarfin ce yake sha kullum, kusan sau biyar. Ba kowane mai sha ne zai haukace ba, na sani, za ka lissafo min abokai goma da suke lafiya. Matsalar ita ce ba mu da gwajin da zai nuna mana tun farko wane ne zai faɗa. Abin da muka sani shi ne haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara da ƙuruciya, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, da wanda ke da mai taɓin hankali a dangi. In ka fara jin ana maganarka, ko kana zargin kowa yana bin ka, ko kana jin muryoyi, kada ka jira.

Akwai wani abu kuma da masu wannan tunani ba sa lissafawa. Wanda ke saye, kuɗin aljihunsa ne ke taka masa birki. Wanda ya cika kwalba a ɗakinsa ba shi da birki. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu sha yana zama ba ya iya bari, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa kusan 1 cikin 6. Hayaƙi kuma hayaƙi ne, huhu bai san wanda ya shuka ba.

Tambaya: Mijina yana fama da amai mai tsanani, yakan zo ya tafi. An yi masa maganin olsa da taifod ba sauƙi. Abin mamaki ba ya samun sauƙi sai ya yi wanka da ruwan zafi, wani lokaci sau da yawa a rana. Yana shan wiwi tun kafin aurenmu. Daga wata matar aure, Talata Mafara.

Amsa: Malama, wankan ruwan zafin nan da kika ambata shi ne bakin zaren. Akwai ciwon amai da ke kama waɗanda suka daɗe suna shan wiwi kusan kullum, likitoci a Ostareliya ne suka fara bayyana shi a 2004, kuma alamarsa da ta fi fitowa fili ita ce wannan: amai mai dawowa, ciwon ciki, da samun sauƙi a ruwan zafi. Mai ciwon yakan ƙara sha don ya ji an ce wiwi tana tsayar da amai, sai abin ya ƙaru. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, dole a duba shi a kawar da sauran dalilai. Amma a gaya wa likitan gaskiya cewa yana sha, in ba haka ba za a yi ta zagaye. In shi ne, maganinsa na dindindin daina sha ne gaba ɗaya, ragewa ba ta wadatarwa. Ranar da aman ya hana shi riƙe ko ruwa, ko fitsarinsa ya ragu, a kai shi a ƙara masa ruwa, domin ƙoda na iya taɓuwa.

Tambaya: Ina da yarinya 'yar shekara 7 mai farfaɗiya. Wani ya ce min man wiwi yana warkar da ita, har Turawa sun tabbatar, wai in shuka kaɗan in riƙa tafasa mata. Daga wani uba, Anka.

Amsa: Malam, don Allah kada ka yi. Abin da Turawa suka tabbatar wani abu ne dabam. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex, da aka yi da sinadarin CBD da aka tace daga wiwi, wanda ba ya bugarwa, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu wuyar magani da ba su da yawa. Ana auna shi da nauyin yaro, ana bibiyar hantarsa da gwajin jini, kuma rage faɗuwa yake yi, ba warkarwa ba. Abin da za ka tafasa a tukunya THC ne zai fi yawa a ciki, ba ka san adadinsa ba, kuma ƙwaƙwalwar 'yar shekara 7 za ka zuba wa. Magungunan farfaɗiya da muke da su, irin su kabamazafin da balfuruwet, suna tsayar da faɗuwa ga kusan mutum 7 cikin 10 in an sha su kullum ba fashi. Yawancin waɗanda ke cewa magani bai yi ba, in ka bincika, ya ƙare ne aka yi sati ba a saya ba, ko yaro ya girma ba a ƙara masa adadi ba.

Tunda daga Anka kake, zan ƙara da wannan: ka nemi a gwada jininta don dalma. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma jijjiga tana cikin alamominta. In ana harkar ma'adinai a gidanku ko unguwarku, ka faɗa wa likita.

Tambaya: Na daina kwana huɗu ke nan. Ba barci, ba cin abinci, kowa haushi yake ba ni. Ko in koma in riƙa ragewa? Daga wani ɗalibi, Gusau.

Amsa: Ɗana, kana tsakiyar wurin da ya fi wuya, kada ka juya. Wannan alamun janyewa ne, wato abin da jiki ke yi in an raba shi da abin da ya saba: suna farawa kwana ɗaya ko biyu bayan dainawa, su yi tsanani a makon farko, yawancinsu su lafa cikin mako biyu. Barci da munanan mafarkai ne ke ɗan jan lokaci, wani har wata guda. Suna da wahala amma ba sa kisa. Ka motsa jiki da rana har ka yi gumi, ka bar shayi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari bayan la'asar, ka ci ko kaɗan-kaɗan ne, kuma ka ƙaurace wa majalisar da kuke sha, domin a nan ake komawa. Kada ka maye gurbinta da tiramol, kodin ko ƙwayar barci ta kemis. Fita daga waɗannan ya fi wuya.

Ba kai kaɗai ba ne. Binciken ƙasa na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6. In ka ji abin ya fi ƙarfinka, ko baƙin ciki ya rufe ka har kana tunanin cutar da kanka, ka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Ka tafi da wani babba da ka yarda da shi, kuma ka rubuto min bayan mako biyu in ji yadda barcin ya koma.