Abin da ya sa ba a barin kaset ya yi ta juyawa shi kaɗai

Ka tambaye ni abin da ya sa nake zaunar da kai minti 90 a kan kaset guda, alhali waƙa 100 kana zuba wa mutum ita a memori kafin ku gama gaisawa. Ka ce me zai hana ka kunna manyeto, wato injin kaset, ka haɗa shi da kwamfuta ta ɗauki abin da ke ciki, ka je ka sallami masu jiran a sa musu waƙa a salula, in ya ƙare ka dawo ka kashe. Gara da ka tambaya, ɗana, da ka riƙa yin haka a ɓoye in na tafi masallaci.

Zaren kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya, tun da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma babu dabarar da za ta sa kwamfuta ta ji abin da ke cikinsa da kyau sai a wannan tafiya. Wannan kowa ya sani. Abin da ba ka sani ba shi ne inda kaset-kaset ɗin da mutane ke kawo mana suka fito, da irin hannun da ya ɗauke su.

Lokacin da nake kamar kai, garin nan na Damagaram cike yake da masu sayar da waƙa. In ka bi ta Zongo za ka gangara kasuwar Dole, ba ka ƙare jin lasifikar wani shago sai ta wani ta karɓe ka. Ranar Alhamis kuwa, da mutanen karkara suka shigo cin kasuwa, sai ka ga an yi cincirindo a ƙofar shago, wasu ba saye ya kawo su ba, inuwa da kiɗan kyauta suka tsayar da su. Mu yara muna cikin waɗannan. Kaya daga Kano suke zuwa, ta hanyar Daura da Matamaye: kwalayen TDK da Maxell da Sony waɗanda ba a ɗauki komai a kai ba, da waƙoƙin Indiya, da kiɗan Zayar, da na Sudan, da karatun Alƙur'ani da wa'azi. Na wa'azi da karatu ba a haɗa su kanta ɗaya da na kiɗa, kowane mai shago ya san wannan ladabin.

Shagon da na fi zama na wani Alhaji ne mai ƙarancin magana. Ɗaki ne ɗan ƙarami, bango uku duk kanta, ga benci ɗaya a waje. A ƙarƙashin teburinsa akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ciki yake ajiye uwayen kaset, wato waɗanda daga su ake ɗaukar duk wani kwafi. Ko nawa ka ba shi ba ya sayar da uwa, ba ya kuma ba da aronta, ko da ɗan sarki ne ya aiko. Dalili kuwa, duk sanda ka ɗauki kaset daga wani kaset, murya na raguwa, shuuu ɗin nan na ƙaruwa. Kamar shayi ne, tukunya ta farko da ta uku ba ɗaya ba. Shi daga uwa yake ɗaukar maka kai tsaye, kuma yana zaune yana ji har a ƙare. In ka ce masa kana son waƙar nan da ka ji a wani biki, ba ka san sunan mawaƙin ba, sai ya ce ka ɗan rera masa. Kafin ka kai baiti na biyu ya miƙa hannu ya zaro ta. Wannan sanin muke biya, ba robar kaset ba.

Akwai wani a bakin tasha, shi direbobi yake yi wa. Manyetonsa mai baki biyu ne, yana da maɓallin nan na ɗauka da gudu ninki biyu, sai ya cika maka kaset kafin mota ta cika. Arha gare shi, ciniki kuma ya fi na Alhaji nesa ba kusa ba, ban hana shi wannan ba. Amma kalangu a kaset ɗinsa ba ya da kaifi, kuma rabin waɗanda kake kuka da su yanzu cewa murya a dushe take, irin aikinsa ne.

Na ukun tsoho ne a cikin Birni, ba nisa da fada, wanda tun a lokacin zamani ya riga ya wuce shi. Fayafayi yake da su, da garmaho mai wani da hannu. A wurinsa na fara ganin faifai mai juyi 78 a minti, mai nauyi, wanda in ya faɗi ƙasa ya fashe ke nan, allurarsa ta ƙarfe kuma sai an yi ta canzawa don kada ta cinye layin faifan. Yana da ƙananan nan masu juyi 45, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, da manya masu 33. Waɗannan na baya rana ce abokiyar gabarsu. Ka bar faifai a kwance cikin ɗakin kwano a watan Afrilu, sai ka tarar ya lanƙwashe, shi ya sa yake jera su a tsaye yana rufa musu tsumma. Tsohon ba ya son a taɓa masa kaya, amma yana son mai tambaya, ni kuwa tambaya ba ta ƙare mini.

Shi ya nuna mini wani abu da har yau nake aiki da shi. Faifan 78 minti 3 ko ɗan fiye yake ɗauka a fuska ɗaya. To mawaƙin Hausa da ya saba ya kama waƙa a fili ya yi rabin awa yana jero zuriyar mutum, yaya zai yi da minti 3? Dole ya datse. Ko babban faifai bai wuce minti 20 da ƴan kai a fuska ba, kuma sai wanda kamfani ya ga dama ya kira. Kaset ne ya buɗe wannan ƙofa. C60 minti 30 kowace fuska, C90 minti 45, kuma kowa na iya danna maɓalli ya ɗauka. Mai manyeto zai ajiye shi gaban makaɗa ranar hawan salla, ko wurin dambe, ko bikin aure, ko wasan samariya a zamanin Seyni Kunce, ya koma gida da abin da babu kamfanin da ya taɓa bugawa. Wani kuma daga rediyon Kaduna ko Muryar Sahel yake kamawa da dare. Waƙoƙin Mamman Shata, da ya rasu a 1999, suna ko'ina, in namu ya lalace akwai na wani. Amma wata waƙar fada ta Ma'azu Ɗan Alalo da wani ya ɗauka a tsaye cikin taro, ko muryar wata zabiya a bikin kakar mutum, ko tafsirin malamin unguwa da ya daɗe da rasuwa, sau da yawa kaset ɗin da ke hannunka shi kaɗai ya rage a duniya. Da yawa ma sun tafi tun tuni. Bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabon kaset ya yi tsada, mutane suka riƙa toshe ramukan nan biyu na saman tsohon kaset da takarda suna ɗora sabuwar waƙa a kan tsohuwa. Na ga an shafe abubuwan da yau za a biya kuɗi mai yawa a ji su.

To ka ga wanda ya tsira daga duk wannan, ya shekara 30 ko 40 a ƙasan adaka yana shan zafi da ƙurar hunturu, ba shi za ka jefa a manyeto ka juya baya ba. In robar da ke jan zare ta kama shi ta fara naɗewa, cikin ƙiftawar ido ta tauna maka kamu guda, kuma wurin da ya tauna ba ya komawa daidai. Wanda ke zaune zai ji murya ta fara rawa, ya danna tsayawa. Wanda ya tafi sallamar masu salula, sai ya dawo ya tarar da zare ya cika cikin inji. Masu C120 sun fi kowane haɗari, zarensu siriri ne ƙwarai, ban taɓa yarda da su ba ko suna sababbi.

Kafin ma ka kunna, duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar bakin kaset. Shi ke danna zare a jikin hed, wato ɗan ƙarfen inji mai karanta muryar da ke kan zare, in ya faɗi murya ba za ta fito ba, sai ka manna wani. Sa biro a rami ka juya da hannu ka ji ko yana tafiya sumul. In ya cije, kwance notinan nan biyar ka mayar da zaren cikin gidan wani kaset mai lafiya, wanda ba shi da noti kuwa sai an tsaga shi a hankali ta gefe. Tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi, don zaren ya saki jikinsa. Ka sa auduga da alkol ɗin famasi ka goge hed da robar da ke jan zare bayan kowane tsohon kaset, za ka ga jan dattin da yake bari. Kada ka kankare da ƙarfe, kada kuma ka ajiye kaset ɗin mutane a kan lasifika, maganaɗisun da ke ciki yana cin murya.

Sai babban abin da ke buƙatar kunne. A gefen hed akwai ɗan noti mai sifirin a ƙarƙashinsa, shi ke karkata hed ɗin. Manyeton Alhaji da na mutumin tasha da na wanda ya ɗauka a gaban fada, kowane da irin karkatarsa, kuma kaset ba ya ba da muryarsa duka sai hed ɗinmu ya zauna yadda na wancan ya zauna ranar da aka ɗauka. Kunna, ka sa abin ji a kunne, ka murɗa notin kaɗan-kaɗan dama da hagu. Akwai wurin da za ka ji kamar an buɗe taga, tafi da kuge da harafin "s" duk su fito fes. Nan za ka tsaya. Wani lokaci fuska ta biyu sai ka sake, don ba a inji ɗaya aka ɗauke su ba. Kwamfuta ba ta iya maka wannan, abin da hed bai karanto ba babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi.

Za ka kuma gamu da wanda muryar dattijo ke sirancewa tana sauri a ƙarshen fuska har ta koma ta yaro. Pil ne, wato batir, ya yi sanyi lokacin ɗauka, inji ya rage gudu, yanzu da muke juya shi daidai sai ya zama ya yi sauri. Wannan ana gyara shi a Audacity, manhajar gyaran sauti, amma sai ka ji inda ya fara ka rubuta mintin. Ka lura da ma'aunin ƙara kada ya taɓa ja. Ka fara ajiyewa a WAV, fayil ɗin sautin da ba a matse ba, wajen mega 10 ne kowane minti, C90 ya kusa mega 900, daga shi ne za ka fitar wa mai kaya MP3 na salularsa. WAV ɗin shi ne uwarmu yanzu. Maɓallin rage shuuu kuma kada ka cika masa hannu, na ji wanda ka yi shekaranjiya, shuuu ya tafi amma ya tafi da rabin kalangu. A bar ɗan shuuu ya fi.

In mai kaset ya zo karɓa, kada ka bar shi ya tafi sai ka tambaye shi wane ne ke waƙar, wa ake yi wa, a ina, wace shekara, ka rubuta a sunan fayil ɗin da kuma littafin shago. In bai sani ba ka rubuta ba a sani ba, kada ka laƙa wa waƙa sunan wani sanannen mawaƙi don ta yi farin jini, irin wannan ya riga ya cika salulolin mutane. Kuma muryar iyalin mutum amana ce, ba a zuba wa wani ita a memori sai da izininsa.

Batun masu jira a waje, ƙanenka ya iya zuba waƙa a salula, bar masa wannan. Jakar da Hajiyar nan ta Sabon Gari ta kawo akwai C120 guda biyu a ciki, ware su gefe, waɗannan tare za mu yi su gobe bayan azahar.