Abin da ya sa Kawu yake kashe wa masu inshora waya

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka rasa gane yadda za a kira dattijo a ce za a turo masa ma'aikaciyar jinya har gida, kyauta, a haɗa masa da katin sayayya, shi kuma ya ce ba ya so, alhali a Kano sai mutum ya yi sammako ya kama layi kafin ya ga likita. Tambayarka tana kan hanya. Sai dai ba Kawu kaɗai ba ne, dattawanmu da yawa a nan Bronx ta birnin New York, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da mutanen zango na Kumasi da Accra, haka suke yi, kuma da dalili.

A Amurka, wanda ya kai shekara 65 yana shiga shirin lafiya na gwamnatin tarayya mai suna Medicare, wanda aka kafa a 1965. Wanda ya yi aikin shekara 10 yana biyan haraji, kamar Kawu da tasinsa, ba ya biyan kuɗin wata a ɓangaren kwanciya asibiti. Daga nan hanya biyu ce. Ko gwamnati ta riƙa biyan likitanka kai tsaye, ko ka koma hannun wani kamfani mai zaman kansa a tsarin Medicare Advantage, gwamnati ta riƙa ba kamfanin kuɗi duk wata a kanka. Yanzu fiye da rabin masu Medicare suna wannan tsari na biyu, a hannun irin su UnitedHealthcare da Humana da Aetna.

To ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin da gwamnati ke ba kamfani ba ɗaya ba ne a kan kowa. Gwargwadon cututtukan da aka rubuta a takardunka, gwargwadon abin da za a biya su. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don kada kamfanoni su guji marasa lafiya. Amma sai ya zama duk cutar da aka ƙara rubutawa kuɗi ce, kuma wannan ziyarar gida tana cikin hanyoyin samun abin rubutawa.

Na zauna an yi wa wata gwaggonmu irinta. Matar ta zo da jaka da kwamfuta, mai fara'a, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba. Ta auna jini, ta sa aka kwaso duk kwalaben magani aka jera a kan tebur, ta tambayi ko Gwaggo ta taɓa faɗuwa a banɗaki, ko tana yawan baƙin ciki. Sai ta faɗi kalmomi uku na Turanci ta ce a riƙe su, ta miƙa takarda a zana fuskar agogo. Gwaggo da ta haddace izu da yawa na Alƙur'ani, kalmomin nan uku suka gagare ta, don ba harshenta ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san abin da ake iya rubutawa a kan wanda ya kasa cin wannan gwajin na ƙwaƙwalwa. Kusan awa guda aka yi, ba a ba da magani ba, ba a yi allura ba. Ba aikinta ba ne. Likitan Gwaggo na ainihi yana nan, shi ya san ta shekara da shekaru.

Kada ka ɗauka zargi ne irin na zaman majalisa. A 2024, ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya fitar da rahoto cewa an biya kamfanoni kimanin dala biliyan 7.5 a 2023 a kan cututtukan da ba su bayyana a ko'ina ba sai a irin wannan tantancewar da bitar takardun da ke haɗe da ita, ba ganin likita, ba gwaji, ba magani a bayansu. Kamfanin CVS kuwa, mamallakin Aetna, ya sayi Signify Health, mai aikin irin wannan ziyarar, a kan kusan dala biliyan 8 a 2023. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Duk da haka ban ce ziyarar ba ta da amfani sam ba. Tsohon da yake zaune shi kaɗai a hawa na biyar, 'ya'ya sun watse, ana iya gano masa hawan jini ko magunguna biyu da ba sa jituwa. Irin wannan ni da kaina nakan ce ya karɓa, da sharaɗin wani mai jin Turanci ya zauna kusa. Amma ba dole ba ce, kuma ƙin ta ba ya rage wa mutum komai a inshorarsa. Wannan ne masu kiran ba sa saurin faɗa.

Kiran ma iri biyu ne. Akwai na kamfaninka, doka ta ba shi damar kiran mutanensa. Akwai na dillalai da ke son ka sauya kamfani, su kuma ana ba su lada na ɗaruruwan daloli a kan kowane mutum. Doka ta hana su kiran wanda bai nema ba ko buga masa ƙofa, amma daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, lokacin da ake sauya tsari, wayar tsoho ba ta hutawa. A cikinsu har da 'yan damfara masu neman lambar katin Medicare.

Abin da ya fi damuna shi ne tarbiyyarmu ce ake cin riba da ita. Dattijonmu ba ya iya katse mutum yana magana, kunya ba ta barinsa. Ana zuba masa Turanci yana amsawa da "to, to" don girmamawa, can kuwa an ɗauka ya amince. Sai ya je asibiti a Janairu a ce likitansa ba ya cikin sabon tsarin. Shi ya sa muke ta nanata musu a masallaci da wajen suna: kada a karanta wa kowa lambar kati a waya, a ce ya aiko a rubuce, a kashe. Mai son sauya tsari mukan kai shi wajen masu ba da shawara kyauta na jiha, waɗanda a New York ake kira HIICAP, don su ba sa cin lada.

Saboda haka kada ka yi wa Kawu faɗa, sai da muka sha wahala kafin ya koyi cewa a'a. In za ka neme shi a watannin nan, kira shi ta WhatsApp, don baƙuwar lamba ba ya ɗauka. A gaida Inna da yara.