Tayar baya tana ɗagawa a kwana: kekena ne ke da matsala?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Shekara 8 ina acaba a Marwa, bana na sayi keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ina jigilar albasa daga Meskine zuwa kasuwa. Sau biyu ke nan a shataletale tayar baya ta hagu tana barin ƙasa, har gabana ya faɗi. Na kwantar da jiki yadda na saba a babur, bai hana ba. Wani bakanike ya ce a ƙara sifirin. In yarda? (Mai karatu daga Domayo)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya tsare gaba. Kekenka lafiyarsa ƙalau, hannunka ne har yanzu yake tuƙin babur. Babur kwanciya yake yi ya sha kwana. Keke ba ya kwanciya, sai ka murɗa kansa da ƙarfin damtse, nauyin kaya kuma ya rinjaya zuwa wajen kwanar. Jikinka da bai kai buhun albasa ɗaya ba, ina zai rinjayi buhu 8?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da nake ji kullum a bakin tasha: wai mai ƙafa uku ba ya faɗuwa. Wannan magana ta karya mutane da yawa. Ka dubi yadda tayoyin suka zauna, ɗaya gaba, biyu baya, kamar duwatsun murhu. Gaba ta dama da gaba ta hagu babu abin da ya tokare. In ka shiga kwanar hagu da gudu, nauyi ya koma dama. Ka tsorata ka damƙe birkin gaba, nauyi ya ƙara zubowa gaba. Gaba ta dama ke nan, daidai inda babu taya. Nan take zai kife. Ƙarfin da ke tura ka waje kuwa ba tafiya ɗaya yake da gudu ba: ka ninka gudu sau 2, shi ya ninku sau 4. Kwanar da ka sha lafiya a gudun kilomita 15 a awa, a 30 wata aba ce daban.

A watan jiya aka turo mini wani keke gareji, gilashin fitilar dama ya ruguje, ɓawon albasa maƙale a ƙarfen bodi. Mai walda ya ɗaga masa bodi, an jera buhuna sun fi kan direba tsawo. Yaron yana ɗingishi yana rantse mini cewa sammu aka yi masa. Babu sammu. Tsayin kaya ne, kuma masu ƙara sifirin suna ɗaga bodi su karɓi kuɗi su san cewa da hannunsu a ciki. Ƙarin sifirin na hana bodi zama a kan taya, amma ba ya hana kifewa, sai ma ya ba ka ƙwarin gwiwar lafta kayan da suka fi ƙarfin birki.

Don haka ka bar sifirin yadda kamfani ya sa shi. Ka gama taka birki da rage giya tun kana kan miƙaƙƙiyar hanya, kafin kwana. Buhuna masu nauyi su kwanta ƙasa, a tsakiya, a ɗaure tamau, iskar tayoyin baya kuma ta zama daidai da juna. In taya ta sake ɗagawa, sassauta totur, ka ɗan miƙe kan keken in akwai fili, za ta sauka. Ranar da babu lodi, ka sami fili a bayan gari ka yi ta zagaye a hankali, hagu da dama, har hannunka ya manta babur.