Kuɗin tsaron masallaci: za a iya gyara wayoyin lantarki da su?

Tambaya: Malam, a masallacin unguwarmu muna tara kuɗi duk wata da sunan tsaro, muna biyan maigadi. An samu rara, kuma wayoyin lantarki sun tsufa har suna tartsatsi. Wasu sun ce a gyara da rarar, wai ai shi ma tsaro ne. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, kalmar "tsaro" ce ta haɗa ku gardama. Larabawa suna da "amnu", wato kuɓuta daga tsoron wanda ke nufinka da sharri, kamar ɓarawo ko ɗan bindiga. Suna da "salama", kuɓuta daga cutar da ba wanda ya kitsa ta, irin gobara da rushewar gini. Allah Ya haɗa su ga 'yan Aljanna a Suratul Hijri, aya ta 46: "Udkhuluha bi salamin aminin", wato ku shige ta da salama, ba tare da tsoro ba. Mu kuwa sai mu ce aminci mu wuce.

Shari'a tana son duka biyun. A hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya yi umarni a rufe ƙofa da dare, a kashe fitila, domin ɓera kan ja lagwani ya ƙona gida da mutanensa. Ƙofa saboda mai shigowa, fitila saboda haɗari. Ke nan masu son gyara ba su faɗi ƙarya ba.

Sai dai kuɗin jama'a amana ne, ana kashe shi inda masu bayarwa suka nufa, kuma da al'adar gari ake fassara lafazinsu. Yau in Bahaushe ya ce kuɗin tsaro, maigadi da 'yan sintiri da tocila yake nufi. Ban taɓa jin wanda ya nufi mai gyaran wuta ba. Don haka kwamiti ba shi da ikon juya kuɗin shi kaɗai. Ku sanar bayan sallar da ta fi tara jama'a. In sun yarda, ya halatta, kuma galibi ba mai ƙi.

Amma wayar da ke tartsatsi ba ta jiran taro. Ku yanke wutar yau ɗin nan, ko da za a sha zafi. In babu makawa sai an gyara nan take, ku ɗauka a matsayin rance, ku rubuta, a mayar daga asusun masallaci.

Wallahu a'alam.