Hotunan Atamfata Suna Dusashewa Idan Na Ɗora

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida. Hoto yakan fito ras a wayata, amma da na ɗora shi a Instagram ko WhatsApp sai ya dusashe, wani lokacin har a yanke gefensa. Ina mafita? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Wayarki lafiyarta ƙalau. Manhajojin ne ke matse hoto don ya buɗe da sauri. Ki riga su yanke shi da kanki: na Instagram faɗin fiksel (ɗigon da ake auna girman hoto da shi) 1080, tsayi 1350, na sitatus kuwa 1080 da 1920. A WhatsApp, tun 2023 akwai alamar HD (ta tura hoto da ingancinsa ya fi) a saman hoto, ki danna ta kafin ki tura. Idan dila ce ta turo miki hoton, ki roƙe ta ta turo shi a matsayin fayil, domin wanda aka matse sau biyu ba ya gyaruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne haske. Ki goge idon kyamara tukuna, musamman da hunturu. Ki shimfiɗa atamfar a inuwar tsakar gida da hantsi, a kan farin zane. Ƙwan lantarki yakan mayar da shuɗi kamar kore.

Don Allah kada ki ƙara wa launi ƙarfi. Mai saye a Gusau abin da ta gani za ta biya wa kuɗi, kuma idan kaya suka iso daban, ke za ta kira. Sunan shagonki ki sa shi ƙarami a kusurwa, kada ya rufe zanen atamfar.